Inci Takwas na Marmara

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na dawo daga Shagari. Ban danna ba.

Sau huɗu na tashi da ƙwallo, sau huɗu ya daki bakin zobe ya dawo mini. A na huɗun ma a goshi ya same ni. Wasu sun yi dariya. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba, na tsaya dai ina kallon zoben.

Koci Faruk ne ya zo daga Sakkwato neman 'yan ƙwallon kwando don ƙungiyarsa, anka tara mu a filin siminti na wata makaranta. Ya auna kowa. Ni ƙafa biyar da inci tara. In na miƙa hannu a tsaye, ƙafa bakwai da inci bakwai. In na sheƙo na yi tsalle, ƙafa goma da inci ɗaya. Ya ce zobe ƙafa goma ne, kuma mai son ya danna ƙwallo ciki daga sama sai hannunsa ya wuce shi da inci shida. Wato saura mini biyar.

Akwai wani Zainulabidin daga Lambara, ƙafa shida da rabi. Tsallensa ko rabin abin kirki bai kai ba, wallahi kamar mai tsallake kwata. Amma ya danna da hannu biyu, ya sauko yana hamma. An ɗauke shi nan take.

Ni kuwa koci ya ce, "Dogaye ina da su. Gajere guda nike so, amma wanda ka tashi sama. An ce mini kai ne Shahon Bodinga." Ya ce hannuna na da kyau wajen raba ƙwallo, don haka in dawo ran sha shida ga Nuwamba. In na danna, gurbin nawa ne. In ban danna ba, shi ke nan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Inna ta ce, "Abdulrazak, yaya anka yi can?" Na ce ƙafa ce ta riƙe. Ta shafa mini man kaɗanya a ƙafar da ba abin da ya same ta.

Talata, 8 ga Oktoba

Da la'asar na je filinmu na bayan kasuwa. Na ɗauki ƙwallo, na sheƙo, na danna. Haka kawai. Na sake, na sake. Sau uku, ko nishi ban yi ba. Masu kallo sunka ɗauki "Shaho! Shaho!" kamar kullum. Abba, wanda ke riƙe da ƙungiyarmu, ya ce ai mutanen Shagari ɗaga zobensu sunka yi don su kunyata mu.

Na so in yarda da shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na karɓo tef ɗin awon Yaya Malami a wurin matarsa Hadiza. Jakar kayan gininsa tana rataye inda ya bar ta, da cokalin siminti da igiya da ƙaramin gwangwanin jan fenti. Ba ta tambaye ni abin da zan yi da shi ba.

Da tsakar rana na je, lokacin da ko akuya ba ta ratsa filin. Na gangaro da durom na hau. Daga bakin zobe zuwa ƙasa: ƙafa tara da inci huɗu.

Na sauka, na gyara durom, na sake. Tara da huɗu. Na juya ta ɗaya gefen. Tara da huɗu.

To. Na naɗe tef, na mayar da durom inda na gan shi, na wuce fadama na ba irin albasa ruwa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne, Yaya Malami ne ya kafa ƙarfen zoben nan. Magini ne da ke rushe katangar yini guda don ta karkace da faɗin yatsa. Mutumin da ko tabarma zai shimfiɗa sai ya ja baya ya duba. Yaya za a yi ya ɓata inci takwas?

Shekara bakwai ke nan da ya kafa shi, ina ɗan sha biyar. Tun a lokacin kowa ya san ba zan yi tsawo ba, gidanmu duk haka muke. Shi ne ya ce mini tsawo na Allah ne, tsalle kuma na mai naci. Ya ɗaura mini buhun yashi a baya, ya sa ni hawa da sauka a kan bulo har in kasa zama a masai. Kowace shekara hannuna yana ƙara sama. Na taɓa raga, na taɓa zobe, na kama zobe. Bara a Nuwamba na danna na farko. Ya jefar da hularsa sama, ya rungume ni gaban mutane, shi da ko hannu ba ya son ba ni.

Cikin azumi ya kwanta. Kwana tara. Ran da anka kai shi ban yi kuka ba, na riƙe makara, na zuba ƙasa, na karɓi gaisuwa. Har yau ban yi ba. Ina jira abin ya zo, bai zo ba.

Yanzu kuma ga shi abin da ya jefa hula dominsa ma ba gaskiya ba ne.

Litinin, 14 ga Oktoba

Abba ya ce gayyar marmara ran Asabar ta sama, ashirin da shida ga wata. Kowa ya zo da kwano da madaɓi.

Yana faɗa na tsaya da ƙwallo a hannu.

Filinmu kwari ne. Duk damina ruwa yana kwanciya a kai ya ɓata shi. Don haka duk ƙarshen damina sai mu yi gayya, a kawo marmara a amalanke, mu baza, mu yayyafa ruwa, mu daɓe kamar yadda tsofaffi ke daɓe ɗakin amarya. Sau shida munka yi. Ba mu taɓa kwashe tsohuwar ba, a kanta muke zuba sabuwa. Ƙarfe yana nan inda yake, ƙasa ce ke hawa.

Ashe ba ni kaɗai ke tashi ba. Da kaina na riƙa ɗauko marmarar a ka.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ba wanda ya sani sai ni. In na yi shiru, bana ma za a ƙara inci guda, in danna da hannu biyu, a yi ta Shaho har in tsufa. Mai shayi ba ya barina in biya. Ko Baba, da ke cewa wasan banza ne, na taɓa jin shi yana gaya wa abokinsa ɗansa na tashi sama.

Mun fara dashen albasa. Bayana ciwo.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ban san me ya kai ni ba. Da hantsi na ɗauki diga na je gindin ƙarfen na fara haƙa. Wai in ga simintin da anka kafa shi a ciki, in tabbata.

Ban kai taƙi ɗaya ba na ga ja. Na goge da babban yatsa. Layi ne na jan fenti, daidai bakin ƙasa, da lamba a ƙarƙashinsa: 8. Na ci gaba. Wani layi, shida da rabi. Wani, biyar. Huɗu. Biyu da rabi. Ɗaya. Sannan siminti, an rubuta a jikinsa tun yana ɗanye: ƙafa 10 daidai.

Rubutunsa ne. Takwas ɗin nan tasa da yake yi da ƙwallaye biyu, ɗaya bisa ɗaya. Duk shekara kafin gayya shi ke zuwa da igiya ya sa alamar inda za a cika. Mu muna ganin layi, ba mu duba abin da ya rubuta a ƙasansa, marmara kuma ta rufe.

Ya sani. Ran da ya jefa hula, ya san takwas ce.

Na zauna a bakin ramin har rana ta dame ni. Ban cike shi ba, na ɗora dutse a kai.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na mayar wa Hadiza tef. Tana tsince shinkafa. Na ce, "Yaya Hadiza, ya taɓa yi miki maganar zoben nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shina sane. Tun shekara ta biyu." Ta ce ya so ya faɗa, sai ya ga yadda nake dawowa gida ran da na taɓa raga, sai ya fasa. Wai in na san gaskiya da wuri zan aje buhun yashi. Ya ce mata daga cikin abin da na ƙaru, rabi na ƙasa ne, rabi nawa ne, kuma rabin nan nawa ba ƙarami ba ne. Ya yi niyyar bayan Sallah ya kira mai walda a ɗaga zoben, ya gaya mini da bakinsa.

"Sallar ce bai gani ba," in ji ta. Ta ce in riƙe tef ɗin, har da jakar.

Ban san ko fushi ya kamata in yi da shi ba. Na duba cikina, ban samu fushin ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Gayya. Mutum ya fi talatin. Kafin a juye amalanken farko na ce a dakata, na ɗage dutsen, na nuna musu. Na hau durom na auna gaban kowa. Na ce ban taɓa danna ƙwallo a zoben gaske ba, ko sau ɗaya, kuma ƙafata lafiya lau take ran Shagari.

Sai Abba ya ce, "Kai Shaho, mi ya kai ka? Wa ya tambaye ka? Da ka bar mu da abinmu!" Wani daga baya ya ce ashe shahon kan tudu yake tashi. An yi dariya sosai. Ni ma na ji bakina ya motsa.

Mun baza marmara, mun daɓe. Abba ya ja gefe yana ta daɓe har munka gama. Da zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, zai turo Sodangi mai walda.

Laraba, 30 ga Oktoba

Sodangi ya ɗaga zobe. Inci tara, don bana ma mun ƙara ɗaya. Ni na riƙe tef. Goma daidai.

Yanzu duk Bodinga ba mai dannawa. Masu kallon la'asar sun ragu da rabi. Mai shayi ya karɓi kuɗina yau.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Buhun yashi. Bulo. Ban ruwa. Barci.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ina shafa alli a yatsa in doki allon bayan zobe, in hau durom in auna. Goma da biyu. Jiya ma goma da biyu. Da can a shekara nake ƙaruwa da inci uku ina ganin kaina gwani. Inci ɗaya na gaskiya, kai, akwai wuya.

Gwiwar hagu ta fara ƙara. Wannan karon da Inna ta kawo man kaɗanya, wurin ciwon gaske na nuna mata.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shagari. Koci ya auna: goma da inci uku. Ya ba ni ƙwallo sau uku. A na ƙarshe ƙwallon ya hau bakin zobe, ya tsaya kaɗan, ya gangaro waje.

Ya ce, "Biyu ka ƙaru cikin mako shida. Mi ka yi?" Na gaya masa labarin marmara. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, sannan ya daina. Ya ce saura uku, kuma shi ba zai yi mini ƙarya ba, akwai masu tsawona da ke samun ukun nan, akwai waɗanda har su bar wasa ba su samu ba. Gurbin ya ba wani daga Yabo.

Zainulabidin ya raka ni tasha. Ya ce da shi ke da ƙafafuna da ya taɓa saman allo. Na ce da ni ke da tsawonsa da ban san Yaya Malami ya iya ƙarya ba. Bai gane ba. Ban yi masa bayani ba.

A mota na yi barci har Bodinga.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Ba wani gwaji a gabana, ban san me ya tashe ni ba. Bayan na ba albasa ruwa na ga kaina a fili da jakarsa a kafaɗa.

Na yi tsalle goma. Mafi kyau goma da uku, kamar na Shagari. Na buɗe gwangwanin fentin, ya yi fata a sama, amma ƙasan da rai. Burushinsa ya ƙage, sai da na jiƙa shi da kananzir. Na ja layi a jikin ƙarfen, daidai ƙirjina inda marmara ba za ta kai ba, na sa kwanan wata, na rubuta 3, incin da ya rage mini. Na bar wuri a samansa, ko da biyu za ta zo.

Sai na tsaya ina kallon ukun. Ƙwallaye biyu ne buɗaɗɗu, ɗaya bisa ɗaya. Ban san haka nake rubuta ta ba.

Fentin nan ya tsufa, warinsa na shiga ido. Na daɗe zaune a kan durom kafin ya sake ni. Abba ya zo wucewa a babur, ya rage gudu, ya dube ni, ya wuce abinsa, Allah ya saka masa.

Da na koma gida Inna ta kalli fuskata ta ce, "Har ka iya kukan?" Na ce fenti ne. Ta ce to, ta ƙaro mini tuwo.

Gobe buhun yashi. Zan ƙara masa kwano ɗaya.