Hoton Tsakar Gidan Yaya Zipora

Tibiri, 3 ga Maris

Zuwa ga Maman Lawali mai hoto, Sabon Gari.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da gwiwar nan taka mai gardama. Bayan haka, ɗiyata Milka ta sayo mini kamara, wai tsohon mushen lekol, wato malamin makaranta, ya samu abin yi ban da gyara wa mutane magana. Kai ka yi shekara arba'in kana ɗaukar fuskokin Maraɗi, shi ya sa na kawo kuka wurinka.

Ka tuna yayata, Yaya Zipora ta Jiratawa, mai ginin tukwane, wadda ke ba mu ɗumame in mun je hutu, tana cewa kai ne acici? Mantuwa ta kama ta. Ɗanta Daniyel zai ɗauke ta zuwa gidansa a unguwar Zariya ta Maraɗi ranar Lahadi ta sama. Bara ma an gwada, sau biyu ana tsinto ta bakin titi, wai gida za ta. Sai na ce bari in ɗauke ta hoto a tsakar gidanta, a rataye mata a ɗaki, ko hankalinta ya kwanta.

Na ɗauka. Ya fito kamar na kalanda: fuska fes, bayanta duk hayaƙi. Ta duba ta ce, "Wace ce wannan tsohuwa? A ba ta ruwa ta wuce." Maƙwabciyarta Tahira, da ke tsaye can baya a hoton, ta ce na mayar da ita fatalwa tun tana da rai.

Ina na kuskure? Kwana ya ƙure mini.

Naka tun na ƙuruciya,
Irmiya

Maraɗi, 5 ga Maris

Mushe Irmiya,

Na amsa gaisuwa, gwiwa na nan da halinta. Ashe akwai ranar da zan ba ka darasi, kai da ka hana ni kwafar lissafi!

Duba lambar da ke gefen harafin f a jikin kamarar. In ƙarama ce, kamar biyu, idon kamara ya buɗe sosai ke nan, abu guda yake riƙewa ya saki sauran. Masu zamani haka suke so. Kai ka murɗa ta zuwa sha shida. Ido zai tsuke, kamar yadda kake tsuke naka in za ka karanta allon tasha, na kusa da na nesa duk su fito. Amma tsukakken ido haske yake ci. Ka fito da ita daga inuwa da hantsi, ka ja baya taku biyar, ka ɗora kamara kan turmi, don hannunka da nawa yanzu ba abin amincewa ba ne.

Bari in gaya maka abin da ban sani ba ina saurayi. Masu zuwa neman tsoffin hotuna a shagona ba su cika duba wanda ya yi kwalliya a gaba ba. Can baya suke kai yatsa: ga kekena, ga tsamiyar da aka sare, ga baba yana wucewa bai san ana ɗauka ba.

Ka gaishe da Yaya. In ba ta tuna ni ba, ka ce acici ne.

Allah Ya ba ta sauƙi.
Maman Lawali

Tibiri, 16 ga Maris

Lawali,

Barka da war haka. Na bi maganarka, har turmin. Komai ya fito: dalbejiyar da babanmu ya dasa, ramin gashin tukwane, Tahira da zanenta.

Daniyel ya rataye hoton saitin gadonta. Ranar Talata na je. Ta daɗe tana kallo, tana kiran kowane abu da sunansa. Can ta ɗaure fuska ta ce, "Irmiya, wa ya bar ƙyauren ɗakin tukwane a buɗe? Awaki za su shiga. Ni na gaji, kai ka je ka rufe."

Na hau kabu-kabu na je Jiratawa. A buɗe yake kuwa. Na rufe, na dawo na shaida mata.

Yau kwana biyar ba ta nemi bakin titi ba.

Ka huta lafiya.
Irmiya