Ranar da Riziki Ta Kalli Teku

Mombasa, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Mwanahawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Maskat? Mu nan ƙalau muke, mahaifiyarki tana gaishe ki.

Na hana kowa rubuta mini wannan takarda. Rubutuna kamar sawun ƙaguwa ne a rairayi, na sani, amma don rana irin ta yau na shiga ajin yamma da furfurata. An cire wa Riziki yanar idon da aka haife ta da ita, kuma jiya aka kwance bandeji. Mwanahawa, 'yarki ta bi hannun likita da ido! Na yi ta kabbara har wata nas ta ce, "Baba, akwai marasa lafiya fa."

Likita ta ja mini kunne. Ta ce idon ya buɗe, amma shekara shida bai yi aiki ba, sai an koya masa. In yarinyar ta ci gaba da rufe shi tana lalube kamar da, ganin ba zai zauna ba. Na ce ta bar mini wannan. Shekara talatin ina ɗaure igiya a jirgin fito na Likoni, babu inda ake tsayawa a kalli garin nan da ban sani ba. Na rubuta wurare bakwai, duk sai ta gan su.

Ki kwantar da hankalinki, ki yi ta addu'a.

Mahaifinki, Kombo Mwinyikai

Mombasa, 19 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan murar nan ta sake ki. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuskure.

Na fara kai ta saman tsohuwar ganuwar nan ta 'yan Fotugal, inda baƙi ke cinkoson ɗaukar hoto. Na ɗaga ta na ce, "Amaryata, ga teku." Ta leƙa sau ɗaya, ta cusa fuska a wuyana. "Kaka, sauke ni. Abin nan ba shi da ƙarshe." Washegari muka je wajen manyan hauren giwan nan na ƙarfe da suka gitta titi. Nan ma ta runtse ido, har muka dawo gida ba ta buɗe ba. Yau kwana tara ba ta yarda ta buɗe shi a waje ba.

Mahaifiyarki ba ta raga mini ba. "Kai da takardarka ta wurare bakwai! Baturiya ce da za ka yi ta zagaya gari da ita? Ka je burge amarya, ka dawo da ita tana kuka."

Maganar ta yi mini zafi, amma ta sa na zauna na lura. A ɗaki, in an ba ta kofi, sai ta shafa shi tukuna, ta gane shi, sannan ta kalle shi. Ni kuwa na kai ta wurin abin da hannu ba ya kaiwa. Na yaga takardar. Ban haƙura ba, hanya zan sake.

Naki, Kombo

Mombasa, 2 ga Afrilu

'Yata Mwanahawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Lahadi da la'asar na kai ta bakin ruwan nan da ake kira Mama Ngina, ƙarƙashin kukar nan da muke zama tun tana goye, inda nake koya mata kukan jirage. Ban ce mata ta kalli komai ba. Na ɗora hannunta a jikin kukar, ta shafa, ta yi murmushi, ta buɗe ido ɗaya. Muka zauna. Kadzo mai soya rogo ta hango mu ta ƙwala kira, "Mijin yarinya, yau ma barkono kaɗan?" Riziki ta san muryar, ta juya ta zuba mata ido.

"Ke ce Kadzo? Ashe ƙatuwa ce ke."

"Yau kika sani? Rogon ne, 'yar nan!"

Muna cikin dariya wani babban jirgin kaya ya shigo mashigar, ya saki ƙara. Na ji ta damƙe yatsana. Na yi ta jira ta runtse. Ba ta runtse ba. Ta bi shi da ido daga hasumiyar fitila har ya sha kwana.

"Kaka, wannan gidan da ke tafiya shi ne mai kukan?"

Na ce shi ne.

"A kan me yake tafiya?"

Na ce a kan teku. Ta daɗe tana kallon ruwan, rogon yana hucewa a hannunta. Sannan ta shafa fuskata kamar yadda ta saba, ta ƙare mini kallo.

"Ashe kai tsoho ne. Na fasa auren."

An sake ni, Mwanahawa, kuma tun da nake ban taɓa farin ciki irin wannan ba. Kullum da la'asar muna can, kuma likita ta ce mu ci gaba.

Zanen da ke ƙasan takardar nan ba nawa ba ne. Jirgi ne, in ji ta. Ƙaramin abin da ke tsaye a kansa ke ce, kina dawowa gida.

Allah ya haɗa fuskokinku da alheri.

Mahaifinki, Kombo Mwinyikai