Na'urar da Kika Gyara a Hausari

Zuwa ga Saudatu, farin watana da hadari ya ɓoye, shamuwar da ke yi mini albishir da damina, zumar farar saƙa, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ina fata kuna shan ruwa lafiya a Kano, ke da Baba da Ya Hajja. Da na so, da na turo miki wannan ta imel, amma na ba direban motar hatsi, domin na fi son hannunki ya taɓa abin da hannuna ya taɓa.

Ni dai jiki lafiya, alhamdu lillahi. Zuciya ce tun ranar da motarku ta kama hanyar Azare ba ta koma mazauninta ba. Ina ƙamshin humrar nan da kan riga ki shigowa shago? Ina laffayar nan ruwan ganye da iska ke wasa da gefenta? Gero ya kai gwiwa a gonakin hanyar Gadaka, kowa yana cewa bana damina ta yi albarka, ni kuwa na zama kamar gawo, wanda sai duniya ta yi kore sannan yake zubar da ganyensa.

Kin tuna ranar farko? An rufe layukan waya a jihar nan, gari ya zama kurma. Shagona na intanet yana cikin ƴan wuraren sadarwa da suka rage, albarkacin farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi. Mutane daga Ngojin, daga Fika, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, suka yi layi har bakin titi, kowa so yake ya sanar da nasa cewa yana raye. Sai sabar, babbar na'urar da ke raba wa sauran kwamfutoci intanet, ta fara shaƙewa. Na zargi janareto, na zargi zafi, na zargi farantin. Ke kuma kin zo duba labarin tafiyarku hidimar ƙasa, kin gaji da zaman benci, sai kika ce a hankali, "Malam Umara, ko zan iya ganin sabar taku? Abin da na karanta ke nan."

Kika zauna a kujerata, yatsunki masu lalle suna sauka a kan madannai kamar yayyafi a kan kwano. Kika nuna mini a allo cewa na'urar ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, amma ɗaya ce kaɗai ke gumi, ukun suna hutawa. Kika ce duk saƙon da ya iso, katin intanet yakan katse ƙwaƙwalwa, ya sa ta ajiye abin da take yi ta karɓa, kuma katin nawa layi ɗaya gare shi, ƙofa ɗaya ya san ƙwanƙwasawa. "Kayan garin nan gaba ɗaya ka ɗora wa kai guda," in ji ki, kina murmushin nan da ke lotsa kumatunki. Kika umarci manhajar cewa ƙwaƙwalwar farko ta riƙa karɓa kawai tana miƙa wa ƴan'uwanta, kika kawar da katsewar faifan ajiya zuwa wata dabam. Da na tambaya me ya sa ba za a jefa kowane saƙo ga wadda ta samu sarari ba, kika ce hirar mutum ɗaya dole ta bi ƙwaƙwalwa ɗaya, in ba haka ba ƙarshen magana zai riga farkonta isowa.

Kafin la'asar layin ya ragu. Wata tsohuwa ta kama hannunki tana sa miki albarka da yaren Karekare, ba ki ji ko kalma ba, kina ta cewa amin. Ni kuwa ban ga abin da ke kan allo ba. Ke nake kallo, kamar yadda makiyayi ke kallon gabas a ƙarshen rani.

Daga nan kullum kina zuwa, kina tafiya kafin dokar hana fita. Waɗannan makonni su ne dausayin rayuwata. Sai aka yi harbin nan a layinku, aka ƙona gidan maƙwabcinku, Baba ya ce ya isa haka. A tasha kika ce in rufe shago in biyo ku. Na ce ba yanzu ba. Kika ja laffaya kika rufe fuska, kika ce, "Ka zaɓi gari, ka bar ni." Wayyo Saudatu! Wannan magana ƙaya ce a tafin ƙafata, duk taku sai ta ƙara shiga.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru makon jiya, ko kya gane ni. Wutar lantarki ta yi ƙarfi ta ƙone faifan sabar. Na sa sabo, na ɗora manhaja daga farko, duk abin da kika saita ya tafi. Washegari na'urar ta koma shaƙewarta. A ranar ne Malam Terkula ya zo, ma'aikacin gwamnatin nan mutumin Binuwai, wanda ya tura matarsa gida da tsohon ciki saboda halin da ake ciki. Ta haihu, bai ga jaririn ba. An kai ta wani shago a Gboko tana jiran kiransa na bidiyo, mu kuma a nan hoto ya daskare, murya tana yankewa, lokacin rufe gari yana matsowa. Bai yi mini faɗa ba. Zama ya yi ya haɗa tagumi, wannan ya fi faɗa ciwo.

Na zauna a kujerar da kika zauna. Karon farko na yi kuskuren lamba, na mai da komai kan ƙwaƙwalwar farko. Na rufe ido, na kira muryarki, na sake rubutawa. Sai na ga ukun nan sun farka ɗaya bayan ɗaya, hoton ya motsa, ga ɗan jariri a cikin zane yana hamma. Malam Terkula ya riƙe allon da hannu biyu, ya ce da irin Hausarsa, "Umara, ka gani, hancin babana ne." Na zagaya bayan shago, kusa da janareto inda ba mai ji, na yi kukan da ban yi a tasha ba.

Yaya zan sa kwaɗo a ƙofar nan, masoyiyata, alhali layukan waya ba su dawo ba? Yaya zan bar Inna, wadda ta rantse ba za ta yi nisa da kabarin mahaifina ba? Ban zaɓi gari na bar ki ba. Rijiya ba ta bin mai ɗiba zuwa gida, amma ba ta daina tara masa ruwa. Kewarki ce sahur ɗina, ita ce buɗa-bakina. In tantabara ta yi kuka a kan dalbejiyar ƙofar shago, sai in ɗaga kai kamar an kira sunana.

Na yi magana da Baffa Muhammadu Lawan, ƙanin mahaifina. Bayan Sallah, in Allah ya kai mu, zai bi ta shingayen sojoji ya zo Kano da goro, ya nema mini aurenki wajen Baba, kafin hidimar ƙasa ta kai ki inda ban sani ba. Ba na roƙon ki dawo Potiskum yanzu, ba zan so ko ƙurar tashin hankalin nan ta taɓa gefen mayafinki ba. Inda za mu zauna, mu biyu za mu yanke, na yi miki alkawari. Roƙona ɗaya ne. Na san Baba, zai kira ki ɗaki ya tambaye ki ko kina so na. A ranar, don Allah, kada ki bar fushin tasha ya amsa a madadinki.

Naki a damina da rani, a zaman lafiya da akasinsa, har ranar da zan kwanta dama,

Umara
Hausari, Potiskum