Gidan Shaihu Saleh Na Bakin Teku

Jidda, 4 ga Fabrairu, 2009

Kawu Na'ibi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, Shaihu Saleh, ya damƙa mini ginin gidan hutunsa a bakin teku. Wanda aka gina masa a baya shekara tara ya yi, gishiri ya cinye rodin, rufin ya tsage. Ya ce idan nawa bai yi ba, halas, shi ke nan, ba zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba, in tattara yarana in koma gida. Wallahi tsoro nake ji. Na yanke shawarar wanke yashi da ruwan daɗi, in shafe bango da farar ƙasa, in buɗe manyan tagogi ta arewa don iska. Kai ka koya mini riƙe cokalin gini, me na manta?

Ɗanka,
Muntaka

Kano, 1 ga Maris, 2009

Muntaka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ka manta ruwan sama, sarkin wayo. Ɗaga harsashi ya kai ƙugunka, ka karkata rufi, ka sa indararo kowace kusurwa. Na san za ka ce ba a ruwa a Jidda. Ni dai ban taɓa jin garin da Allah ya yi wa wannan alkawari ba. Idan sun yi dariya, bar su.

Kawunka,
Na'ibi

Jidda, 6 ga Disamba, 2009

Kawu,

Assalamu alaikum. Kada hankalinka ya tashi da abin da ka ji a rediyo, muna raye. An rasa rayuka a garin nan, Allah ya jiƙansu.

Dariya kam sun yi. Injiniyan maƙwabta kullum sai ya tsaya ya kira ni da sunan da suke kiran mutanen ƙasashenmu, ya ce, “Ya Takaruni, jirgin Annabi Nuhu kake ginawa?” Shaihu ma sau biyu yana cewa in cire indararon, wai sun ɓata fuskar gida. Na ƙi.

Ana gobe Arfa sama ta ɓalle. Gidaje bakwai ne a layin, shida ruwa ya shiga har falo. Namu ko tabarmar ƙofa ba ta jiƙe ba! Nan maƙwabta suka fake da matansu da yaransu, har da injiniyan, yana ɗigar ruwa, ya kasa haɗa ido da ni.

An sabunta iƙamata, kuma an goge “lebura” an rubuta “magini”. Da na gani sai da na yi kuka. Shaihu ya tambayi wanda ya koya mini, na faɗi sunanka. Ya ce yalla, maza ka zo Umra, ka sauka a gidan.

Ɗanka,
Muntaka

Kano, 2 ga Janairu, 2010

Muntaka,

Alhamdulillahi. Shekara hamsin ina gini, ban taɓa ganin teku ba. Ka ce wa Shaihu na gode, ina tafe. Amma da igiyar awona zan zo, kuma idan na tarar da bango ɗaya a karkace, a gabansa zan faɗa.

Allah ya yi maka albarka, magini.

Kawunka,
Na'ibi