Takunkumin 'Yar Tsana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau ba a matsayin ƙanwarka na rubuto ba, ungozoma ce take magana da mai riƙe da siton hedikwata.

An kawo mana wata matar tela, cikinta wata bakwai, faya ta fashe. Yau ko gobe za ta iya haihuwa. Bakwaini yakan fito ba numfashi, sai mu kifa masa takunkumi a hanci da baki, mu riƙa matsa jakar iska har ƙirjinsa ya ɗaga. To takunkuman da kuka aiko na jariran wata tara ne. Fuskar bakwaini ba ta kai tafin hannuna ba, iskar ta gefe take zurarewa. Ƙarami nake so, ko guda ɗaya. Wannan ne roƙona na huɗu, na gaji wallahi.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Dangane da buƙatarki, ki sani ba a fitar da kaya da wasiƙar zumunci. Ki cike fom, shugaban asibitinku ya sa hannu. Duk da haka na ba direbanku kwali guda, don kada ki kai ƙarata wajen Inna. Kuma ki rage zafin rai, tun kina yarinya haka kike.

Yayanki

Yaya,

Sallama. Kwali ya iso, na gode da ɗawainiya. Na buɗe da rawar jiki, sai ga irin na da, har guda hamsin! Na koma na duba fom ɗin naku, layi ɗaya ne tak: takunkumin jarirai. Babu babba, babu ƙarami. Ko sau ɗari na cike, wannan kwalin zai dawo mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai ƙarami a asibitin nan. Ka tuna 'yar tsanar da kuka rabo bara, wadda ake koyar da mu da ita? Da nata takunkumin ta zo, daidai fuskar bakwaini. Tana kwance cikin kabad ɗin gilashi a ofishin shugaba, an danna kwaɗo. Na roƙe shi, ya ce, "Malama, kayan koyarwa ne, masu duba aiki za su zo su ƙirga." Matar nan kuwa sau biyu tana haihuwar bakwaini, ba wanda ya yi kuka. Jiya ta riƙe mini hannu ta ce, "Wannan karon zan ji muryarsa?" Sai na gyara mata filo.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na bincika, ƙananan babu su a sito gaba ɗaya. Na rubuta wa na sama, sun ce sai zaman kwamiti.

Na san halinki, saboda haka ina gargaɗinki: kada ki taɓa kabad ɗin nan. 'Yan tsanan nan ni na raba su, ni na sa hannu. Shekara ashirin da shida ban taɓa fitar da ko allura ba tare da takarda ba. Ki yi haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na taɓa kabad ɗin.

Ranar Laraba da hantsi ta haihu, shugaba yana wajen taro da mabuɗi a aljihu. Tun naƙuda na kankama na ɗauki ƙarfen rataye ƙarin ruwa na ɓalle kwaɗon. Na wanke takunkumin, na tafasa shi. Yaro ya fito shiru, jiki sake. Na goge shi, na naɗe, na kifa masa takunkumin, ya zauna daram. Ina matsa jakar iska ina kallon ƙirjinsa. Sai na ga ya ɗaga. Can ya yi wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Uwar ta ce, "Shi ne?" Na ce shi ne. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

An ba ni takardar tuhuma, wai na ɓata kayan hukuma. An sa sabon kwaɗo irin naku na sito, na mayar wa 'yar tsana abinta da hannuna. Ka kwantar da hankalinka, tana nan ƙalau, masu duba aiki sun yaba.

Yau da safe an kwantar da wata, ita ma wata bakwai. Shugaba ya ce in na ƙara, a bakin aikina. Ban san yadda zan yi ba, Yaya.

Auta

Auta,

Salamu alaikum. Kowane kwaɗon da muka raba, mabuɗinsa na biyu yana wurina. Ki duba cikin ambulan ɗin nan.

Ban rubuta shi a ko'ina ba. Ki gaishe mini da yaron.

Yayanki