Ni Na Liƙe Taraktar, Shi Ake Kira Injiniya

Assalamu alaikum, Anti mai wannan fili. Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ina tsakanin abu biyu: ko mutuncin maigidana ya zube, ko tarakta ta hallaka mutum.

Muna da 'yar ƙaramar tarakta, da ita muke ci: mu nome gonarmu, mu yi wa mutane huɗa. Farkon damina maigida ya haye kututture da ita, kaskon giyarta ya tsage ta ƙasa, mai ya shiga ɗiga. Bakanike ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya son walda, sai dai a yi odar sabo a jira. Maigida ya dawo gida ya kwanta, ya juya wa duniya baya.

Ni kuwa 'yar bakanike ce, a garejin mahaifina na girma. Sai na ci ɗamara. Na tsiyaye man, na wanke tsagar da fetur ta bushe ƙayau, na huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, na cika ta da gam ɗin ƙarfe, na ɗora wani faifan ƙarfe na ɗaure da noti. Gudunmawar maigida ita ce riƙe mini tocila da rana tsaka, yana haska mini kunne.

Tarakta ta tashi. Maƙwabta suka ga aikin suka yi ta yaba masa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ai ba komai, baiwa ce daga Allah. Ban ce uffan ba, har daɗi na ji da ya wartsake. To yanzu Injiniya ake kiransa. Ya sayi rigar aiki mai aljihu birjik, yana ɗan shafa mata baƙin mai kafin ya fita. Duk sanda ya ba da labarin, tsagar tana ƙara tsawo. Da tsawon yatsana take, ranar nan na ji ta kai tsawon hannu.

Sabon kaskon da aka yi oda ya iso, maigida ya ƙi karɓowa, wai aikinsa ya fi na kamfani ƙarko. Alhali liƙin ya fara gumi. Ni ke tura tiren shayina ƙarƙashi ya tare man, in janye kafin masu kallo su zo.

Wannan duk da sauƙi. Yayansa ya jawo tasa taraktar ya ajiye mana a ƙofar gida, ita ma ta tsage. Kwana da kwanaki maigida yana zagaya ta, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne, ya ce yana nazari. Sai ya biyo ni kicin yana tambaya a kaikaice, wai a ce wani abokinsa ne ya sami irin wannan matsala, ta ina zai fara. Na ce da huda rami. Ya je ya huda a inda ƙarfen yake lafiya ƙalau. Yanzu ta wuri biyu take zuba.

Jiya ya roƙe ni mu shigo da ita mu rufe ƙofa, ni in yi aikin, shi ya riƙa buga ƙarfe da guduma don na waje su ji ana aiki. Na leƙa na duba. Anti, tsagar a wajen ƙafar baya take, inda duk nauyi ya taru. Gam ba zai riƙe ta ba, kuma Yaya a gangare yake noma. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ban taɓa ganin an girmama shi haka ba. In tona, ko in yi shiru?

Matar Injiniya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi dariya har na isa wurin ƙafar baya, a nan na daina.

Taraktar Yaya kada ki taɓa ta, ko ƙofa a rufe ko a buɗe. Idonki ya riga ya gaya miki gaskiya, kuma ran mutum ya fi kowane laƙabi.

Ban ga mugunta a mijinki ba. Mutum ne da ya ɗanɗani yabo ya ji zaƙinsa. Amma ke ma da naki hannun: kin yi shiru ranar farko, kuma tiren shayinki yana ɓoye masa abin da ya kamata ya gani. Ki janye tiren ki kama hannunsa ki nuna masa ƙasa. Ki tuna masa cewa liƙin nan an yi shi ne don a fita daga damina, kuma in man ya tsiyaye ana cikin aiki, giyar gaba ɗaya za ta ci kanta. A karɓo sabon kasko. Tsohon, in yana so, ya rataye shi a bango.

Ba sai kin tona shi a bainar jama'a ba. Ki same shi ku biyu, ki ce masa gwani na gaske shi ne mai iya cewa tsaga irin ta taraktar Yaya ba ta liƙuwa. Wannan magana zai iya faɗa wa yayansa da kai a ɗage, domin gaskiya ce. Sauran gaskiyar ma Yaya ya cancanci ya ji daga bakin ƙaninsa: wa ya yi gyaran farko, kuma wa ya huda ramin da ya sa taraktarsa take zuba ta wuri biyu. Za a yi masa tsiya a gida na ɗan lokaci, ba zai mutu ba. Mai yiwuwa ma ya tarar alfahari da mata mai irin wannan hannu ya fi daɗi, kuma ba ya bukatar shafa wa riga mai.

Ke kuma kada ki sake ɓoye abin da mahaifinki ya koya miki. In yana son sunan da gaske, ki koya masa, ki fara daga inda ake haska tocila.

Allah ya ƙara muku zaman lafiya, ya ba da damina mai albarka.