Tumunin Iya Halima

Kankiya,
4 ga Afrilu.

Zuwa ga matata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Yaya Ummi, tana barinki ki runtsa kuwa? Ki gaishe mini da Inna gaisuwar girmamawa, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da take yi da ku. Ni ma lafiya lau nake, sai kewa, da tuwon da nake tuƙa wa kaina wanda ko kajin maƙwabciyarmu Maman Ronke ba sa rububinsa.

Kada ki yi mini dariyar wasiƙa. Waya a Kaikai sai an fita an hau tudu, ke kuwa mai jego ce, kuma maganar nan ba ta bakin ƙannenki ba ce. Bube direba ya ce zai riƙa miƙa miki duk ranar da ya yi lodin Kusada.

Alhaji mai gidan hayarmu ya tara mu shekaranjiya. Zai rushe ɗakunan ya yi shaguna, ya ce kowa ya tashi kafin ruwa ya sauka. Kin tuna ranar da kika sayar da saniyar da kika gada kika damƙa mini kuɗin, na ce in Allah ya yarda ba za ki dawo da goyo gidan da ake layin banɗaki ba? To, ga alƙawarin ya zo mini da wa'adi.

Tunda makaranta ta yi hutu, kullum ina bayan Badaru dillali. Adawiyya, gidaje a garin nan sun yi tashin gwauron zabo. Mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan yamma suna nema, 'yan kasuwar Kano suna saye duk abin da ke kallon titi, mu masu albashi kuma muna bin baya muna haɗiyar yawu. Akwai wani gida da na gani da safe na ce zan yi shawara. Kafin la'asar wani ya biya ta waya, bai ma taɓa taka unguwar ba. Na biyu, Badaru ya yi ta yabonsa wai gida ne mai iska, da muka je ashe rufi ne babu. Na uku yana cikin kwari, ga shatin ruwa a bango daidai ƙirjina, shi kuma ya rantse wai adon magina ne. Kowane gida sai na ba shi kuɗin gani, ko da abin da na gani kango ne. Na fara zargin da kuɗin ganina yake gina nasa.

Kada ki sa damuwa a ranki, nono ya ƙafe Inna ta kama ni da laifi. Ki dai taya mu da addu'a. Ki shafa mini kan Ummi.

Naki,
Abdulbaƙi.

Kankiya,
13 ga Afrilu.

Adawiyya tawa,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya Ummi da Inna? Saƙon dakakken yaji ya iso, na gode, ya rufa wa girkina asiri.

Na ga gida. Yana bayan tsohuwar kasuwa, ginin ƙasa ne amma an yi masa siminti da rufin kwano. Akwai zaure, ɗaki ciki da falo, wani ɗakin a gefe, madafi, da rijiya mai ruwan daɗi a tsakar gida. Ba ya cikin kwari, na duba bangon da kyau. Da Badaru ya faɗi kuɗin sai na ga abin da muka tara zai kai, har da la'adarsa. A nan ne gabana ya faɗi, domin a kasuwar bana abu mai kyau ba ya araha haka kawai.

Washegari na koma ni kaɗai. Sai na tarar da wata tsohuwa a ƙofar ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda na gani a kulle a zuwana na farko, tana tankaɗen kuka. Na tambayi Badaru, ya ce maƙwabciya ce ta shigo shan inuwa. Maƙwabciyar da ke da tabarma da buta da jeren kwanuka a ɗaki! Na wuce wurin mai unguwa, shi ya warware mini komai.

Gidan gado ne. Sunanta Iya Halima, matar marigayi mai gidan. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ita ta goyi 'ya'yansa biyu, Shehu da Manu, bayan uwarsu ta rasu suna ƙanana. Da aka raba gado, tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas da shari'a ke ba mace idan mijinta ya bar 'ya'ya, bai zama kuɗi ba. Ita ta ce a auna mata shi a ƙasa, sai ya faɗa kan ɗakinta da hanyar zuwa rijiya. Saura kashi bakwai na samarin ne, shi suke sayarwa. Shehu yana Kano, ya yi ya yi ta koma wurinsa ta ƙi, wai ba za ta zauna a bene tana leƙen mutane ta taga ba. Danginta na Fakuwa kuwa duk sun ƙare. Masu saye da yawa sun zo, da sun ji gida da tsohuwa a ciki sai su kama gabansu. Dalilin arahar ke nan.

Na gaishe ta, ta ba ni ruwa a moɗa, ta tambayi iyali. Da na ce kin haihu sai ta yi ta sa albarka kamar ta san ki. Ba ta roƙe ni komai ba.

Ga abin da nake gani. Mu sayi kashi bakwai ɗin, in ja katanga ta bulo tsakaninmu da ɗakinta, a fasa mata ƙofa ta lungu. Ba zan ba da ko kafin alƙalami ba sai na ji daga gare ki, domin saniyarki tana cikin kuɗin nan, kuma ke ce mai wuni a gida. Ki yi tunani ki ba Bube amsa.

Mijinki mai kewarki,
Abdulbaƙi.

Kankiya,
22 ga Afrilu.

Zuwa ga Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, ina fata kuna lafiya ke da Ummi. Na ji ta fara bin mutum da ido, abin ya yi mini daɗi ya kuma ba ni haushi, tunda ba ni take bi ba.

Takardarki ta iso, kuma kin wanke ni tas. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce tun ranar da aka kawo ki ba ki taɓa shanya zane ba tare da wani ya ƙirga shi ba, ba ki taɓa soya nama ba sai an san ranar albashi ta yi. Kin ce ba ki rabu da saniyar babanki don ki sayi uwar miji ba, kuma katanga ba ta hana jin tari. Na so in yi fushi, na nemi inda kika yi ƙarya ban samu ba. Ni da nake fita tun safe, ban san rabin abin da kika haɗiye a gidan nan ba.

Saboda haka na janye. Ba zan sa ki a gidan da ranki bai kwanta da shi ba, ko da za mu kwana a tasha.

Amma bari in gaya miki abin da ke faruwa, don ban saba ɓoye miki ba. Wani ɗan kasuwa ya taya gidan gaba ɗaya, zai rushe ya yi sito, da sharaɗin a ba shi babu kowa a ciki. Manu yana da matsalar kansa, iyalinsa a asibiti, ya matsa. Shehu ya zo daga Kano ya zauna da Iya har ta amsa cewa idan wata ya ƙare ba a sami wanda zai saya da ita a ciki ba, za ta saki tumuninta ta bi shi. Ba mugayen yara ba ne, na ga Shehu yana share ido a zaure. Talauci da tsadar zamani ne suka sa kowa a kwana.

Na bi ta wurinta jiya. Na tarar ta fara sauke jerenta tana ɗaure kwanukan a tsofaffin zannuwa. Ta ce kada in ji nauyi, mace tana da gaskiya idan ta so ƙofarta ita kaɗai, ita ma da ƙuruciyarta haka ta so. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma neman haya. Akwai ɗaki ɗaya a wajen makarantarmu, gidan mutum shida ne, kuma kuɗin shekara ya kusa ninka na da. Idan muka shiga, abin da muka tara zai riƙa zagwanyewa, gidaje kuma ba jiranmu za su yi ba. Wannan ne ke hana ni cin abinci, ba girkina ba. Ina jin kunyar in zo ɗaukarki ranar da za ki dawo in sauke ki a inda na ce ba za ki sake zama ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, Alhaji kuma ya sauke yashi a ƙofar gida.

Ki yafe mini idan na ɗora miki nauyi. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Naki har kullum,
Abdulbaƙi.

Kankiya,
5 ga Mayu.

Adawiyya, hasken gidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma Kaikai lafiya, ke da Ummi da Gwaggo Kubura. Yaya gajiyar hanya? A gaishe da Inna, a ce mata na ga aikin hannunta, kun yi ɓulɓul ke da 'yarki.

Na ɗauki biro ne domin ranar nan bakina ya mutu. A gaban Gwaggo da Iya babu yadda zan yi in dube ki, balle in faɗi abin da ke raina, kuma kafin in dawo hayyacina Bube ya yi hon kun tafi.

Ke ba ki san yadda abin ya same ni ba. Na je ne in yi wa Iya sallama, don saura kwana kaɗan Shehu ya zo da mota. Na yi sallama a zaure, na ga takalman baƙi ban kawo komai ba. Ina shiga sai ga Iya a bakin rijiya tana jijjiga goyo, ƙafafun jaririya sun leƙo ta ƙarƙashin majanyi da safar da ni na saya da hannuna. Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe yawon arba'in da kika ce za ki fara da dangin Kusada, nan kika sa Gwaggo ta rako ki, ba ki gaya wa kowa ba.

Bayan kun tafi Iya ta ba ni labari tana dariya tana hawaye. Wai kin shigo fuska a ɗaure, kin ce kin zo ki ga matar da ta tsaya tsakaninki da gidanki. Kin leƙa madafi, kin ja ruwa kin ɗanɗana, kin buga bango da hannu kamar magini. Sannan kika shiga ɗakinta kika ga ƙullin kwanuka a ƙasa da bango fayau. Daga nan kika kwance Ummi kika miƙa mata, kika durƙusa kina kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya kina mayar da jeren, har kina yi mata faɗa wai ta sa fanteka a inda samira ya kamata ta zauna.

Sharuɗɗanki na ji su ta bakin Gwaggo kafin ku tafi, kuma na karɓa. Ba za a ja katanga ba, tunda kin ce ba za ki zauna gida ɗaya da tsohuwa kina jin tarinta ta bayan bulo ba ki san ko ta ci abinci ba. Makullin ƙofar zaure a hannunki zai zauna. Kuma Iya ba za ta ƙirga miki zannuwa ba. Wannan na ƙarshen da na faɗa mata ta ce idonta ma ba ya kaiwa igiyar shanya.

Jiya aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. An rubuta kashi bakwai da sunana da naki, tumunin Iya yana nan a hannunta. Shehu da Manu sun haƙura da tayin ɗan kasuwar duk da ya fi namu tsoka. Shehu ya riƙe hannuna ya yi mini godiya. Badaru ya karɓi la'adarsa yana gaya wa mutane wai tun farko shi ya hango dacewar, na bar shi don ranar farin ciki ce.

Adawiyya, na yi miki alƙawarin gidan da babu kowa sai mu, ban iya ba. Na san abin da kika ajiye kafin ki durƙusa a ɗakin nan, kuma na san za a yi ranakun da zai dawo miki. Idan sun zo ki gaya mini, kada ki haɗiye kamar da. Ban taɓa jin kunyarki da sonki sun haɗu mini a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Na kwashe kayanmu daga gidan Alhaji, na share ɗaki, na toshe inda kwano ke yoyo. Iya ta jiƙa gero tun yau, ta ce a tambaye ki ko har yanzu kina shan kunun kanwa. Bube zai zo ɗaukarku ranar Juma'a da hantsi. Ku taho gida.

Wassalam. Mijinki,
Abdulbaƙi.